Sana'ar da Ba Ta da Sarki: Tarihin Ƙungiyar Masu Haɗa Wutar Lantarki

Da aka ce magatakarda ya kawo wani abu na tarihi, da yawa sun zaci zan buɗe tsofaffin littattafan rajista in jero waɗanda suka kafa mu. Wannan aikin dattawa ne, sun fi ni sani, a gabansu aka yi. Ni tarihin wata ƙungiya na ɗauko wadda ba tamu ba, ta 'yan kwangilar haɗa wutar lantarki, waɗanda a Kano ake ce wa masu wayarin, mu kuma a nan muke ce wa masu aikin kahraba. Abin da ya kai ni gare ta wata ƙara ce da ta zo teburina bara, har yau ban rufe shafinta ba.

Bayan yankan riɗi ne. Wani ɗan ƙungiyarmu, ba zan kama suna ba, ya sa aka ɗora masa farantan sola bisa rufin shagonsa don firji da cajin wayoyi. Wanda ya yi aikin wani saurayi ne da ya biyo masu aikin kaka, ya ce a birni ya koya. Kuɗinsa bai kai rabin na wasu ba. Ya ajiye batura a ƙasa a lungu bayan buhunan riɗi, ya ja siririyar waya daga batir zuwa inbata, irin wadda ake ja wa ƙwan fitila, bai sa fis ko ɗaya ba. Ran nan mai shago ya ja ƙofa ya tafi sallar azahar. Kafin a yi sallama hayaƙi ya turnuƙe layin. Kowa ya san riɗi mai ne, in ya kama ba ya jin ruwa. Shagonsa ya tafi, na maƙwabta biyu suka bi shi. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba.

Da aka zauna a ofis, maƙwabta suka ce mai shago zai biya, mai shago ya ce wanda ya yi aikin zai biya, shi kuwa ya daɗe da barin gari, lambarsa ba ta shiga. Ina cikin rubutu wani dattijo ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya koya wa yaron nan aiki?" Na ce, "Baba, ba wanda ya sani." Ya ce, "To wane ne sarkinsu?" Ofis ya yi tsit.

Tambayar Baba ba ta tsufa ba ce, tambaya ce ta wanda ya san yadda ake riƙe sana'a. A ƙasar Hausa kowace babbar sana'a tana da kai: Sarkin Maƙera, Sarkin Pawa, Sarkin Magina, Sarkin Aska. A da shi ke tara harajin 'yan sana'arsa, shi ke raba aikin fada, kuma in mahauci ya sayar da mushe ko magini ya yi ginin da ya zube, gabansa ake zuwa. Yaro kuma a gaban ubansa ko ubangidansa yake koyo, don haka duk inda ya yi ɓarna akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A fatauci ma haka ne. Baƙo yana sauka ne wurin fatoma, fatoma ya tsaya masa, dillali ya shaida ciniki. Da wannan tsari kakanninmu suka biyo hanyar hajji, da waɗanda suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar, da waɗanda suka bazu a bakin kogin Rahad da ƙasar Gadarif. Har gobe in kana neman mahauci ko wanzami a ƙauyukanmu, za a gaya maka gidan su waye.

Wutar lantarki kuwa ba gadon gidan kowa ba ce. Da Turawa ta zo, da takarda da sa hannu. Su ma can inda ta fito sai da ta ƙona su kafin su yi mata shugabanni.

A 1882 injiniyoyin Ingila suka fitar da ƙa'idojin ja wa gida waya na farko, kuma sunan takardar kansa yana maganar kare gobarar da fitilar lantarki ke jawowa. Kamfanonin inshora ne suka fi matsa lamba, don su ke biya in gida ya ƙone. A Amurka aka haɗa kundin ƙa'idojin wuta na ƙasa a 1897. Amma ƙa'ida a takarda ba ta hana maha'inci ha'inci. Ɗan kwangilar da ya sayi waya mai kauri ya biya ƙwararren ma'aikaci, dole kuɗinsa ya fi na wanda ya sa siririya ya ɗauko yaro, mai gida kuma ba ya ganin abin da ke cikin bango, kuɗi kawai yake gani. In aka bar abin haka, mai gaskiya ne zai rufe shago. Wannan ya sa masu aikin kirki suka haɗa kai. 'Yan kwangilar Sikotland suka kafa tasu a 1900, na Ingila a 1901, na Amurka ma a 1901 a birnin Bafalo. Suka amince da irin aikin da za a kira aiki, da shekarun da yaro zai yi yana koyo, da yadda za a rubuta yarjejeniya da mai gida, da wanda zai yi magana da bakinsu gaban hukuma.

A nan sai in ɗan tsaya, don na ji ana cakuɗa abu biyu. Mu a Sudan in aka ce ƙungiya, tunaninmu yana tafiya ga ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara da suka tashi a 1946 da 1947, har aka yi dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 1948, aka kafa tarayyar ma'aikata a 1950. Waccan ta masu karɓar albashi ce, faɗanta da mai biyan albashi ne. Wadda nake magana a kai ta masu karɓar aiki ce da hannunsu da jarinsu, kamar mu. Abokin gabarta na farko a cikin gidanta yake, wato ɗan sana'ar da ke ɓata sunan sana'a.

A ƙasar kakanninmu, Legas ce ta fara ganin wuta a ƙarshen shekarun 1890. A 1929 kamfanin NESCO ya fara ba ma'adinan kuza na Jos wuta daga ruwan Kura. Kano kuwa hukumar En'e ce ta yi nata aikin ruwa da wuta a Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Kowane gari da injinsa da masu kula da shi, har aka yi dokar 1950 da ta haɗa su ƙarƙashin hukumar ECN. Aka kafa hukumar madatsun ruwan Neja a 1962, aka kammala madatsar Kainji a 1968, a 1972 kuma aka haɗe hukumomin biyu aka haifi NEPA. Sunan nan ya kama baki har yau. Ko da aka sauya shi zuwa PHCN a 2005, aka kuma miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11 a watan Nuwamba na 2013, Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO, yaro a Fagge in fitila ta kama "NEPA ta kawo" yake cewa.

Duk waɗannan hukumomi aikinsu yana tsayawa ne a bakin mita. Daga mita zuwa cikin ɗaki ba ruwansu da ja, na mai gida ne da wanda ya ɗauko. Sai dai doka ta ce ba kowa ne zai ja ba, sai mai lasisi. A da sashen masu duba aikin wuta na ma'aikatar lantarki ta tarayya ke jarraba mutum ya ba shi takarda. Tun daga dokar 2015 hukumar NEMSA ke wannan aiki, ita ke tantance masu haɗa wuta da duba sabon aiki da mitoci. Masu riƙe da irin wannan lasisi su suka haɗu a ƙungiyar da ake kira LECAN, wato ƙungiyar 'yan kwangilar lantarki masu lasisi ta Nijeriya, mai rassa a jihohi.

Ina ƙarfin wannan ƙungiya yake? A ƙofa ɗaya yake. In mutum ya gama gini yana so a jona masa wuta daga falwaya, fom ɗin neman sabon layi yana buƙatar sa hannun ɗan kwangila mai lasisi, wanda ya shaida cewa wayar da ke cikin bango daidai take, an binne wayar ƙasa, an sa fis da makashi inda ya kamata. Sunansa da lambarsa suna nan a takarda. In gidan ya kama wuta, akwai wanda za a nema, akwai kuma ofishin da ya san inda yake kwana. To wannan shi ne abin da Baba ya tambaya. Ba rawani, ba tambari, amma kujerar Sarkin Maƙera ce aka kafa wa sana'ar da ba ta da gado. Sauran ayyukan ƙungiyar a kan wannan suka hau: horar da 'ya'yanta in sabon kaya ya shigo, sasanta ɗan kwangila da mai gida, zama da kamfanin wuta da hukuma, da kukan da shugabanninta ba sa gajiya da yi a jaridu da rediyo kan 'yan bumburutun sana'a da jabun waya.

Kukan nasu kansa shaida ne cewa ƙofar ba ta tare kowa ba. Duk wanda ya taɓa sarin kaya a Kano ya ga yadda wayoyi suke saƙe bisa layukan kasuwa kamar gidan gizo, kowa da janaretansa, ko layi guda a jingine da injin mutum ɗaya yana karɓar kuɗin rana. Wannan wutar ba daga falwaya ta zo ba, don haka ba ta bi ta kan fom ɗin kowa ba. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari, wadda ake kira kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. Akwai 'yan ƙungiyarmu da abokan cinikinsu suka tashi ba ko allura. Bayan nan ne, a 2018, hukumar samar da wuta a karkara ta shigo da tsarin sola na kasuwa gaba ɗaya, da mita a kowane shagon da ya shiga, don a rage janareta da wayar da ba ta da mai ita.

Mu dawo gida. Tarihin kahraba a Sudan ya yi kama da wancan kamar wa da ƙani, tunda uban goyonsu ɗaya. An kafa injin farko a Burri ta Khartum a 1908. A 1925 gwamnati ta shiga yarjejeniya da kamfanonin Ingila aka kafa kamfanin haske da wuta na Sudan, a 1952 ta saye shi. Madatsar Sinnar ta fara ba da wuta a 1962, aka gama Khashm al-Girba a 1964, Rusairis a 1966. Hukumar wuta ta ƙasa ta tsaya da ƙafarta a 1982, aka buɗe Marawi mai megawat 1,250 a 2009, a 2010 kuma aka rarraba hukumar zuwa kamfanoni. Namu na kusa su ne layin da ya taso daga Habasha ta wajen Matamma, wanda aka yi bikin buɗe shi a Gadarif a ƙarshen 2013, da madatsun Atbara ta sama da Setit da suka fara aiki a 2017. Nakan yi dariya in muna layi a Gallabat da takardu a hannu, in ɗaga kai in ce wa abokan tafiya ga wanda ya fi mu iya fatauci, yana ƙetare iyaka dare da rana ba a tambayarsa fasfo.

Amma ƙasar nan tamu ta Simsim ƙasar tarakta ce kafin ta zama ta fitila. Noman inji ya fara a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, ya iso nan a ƙarshen shekarun 1960. Sansanin gona ba ya jiran falwaya. Abin da ya sani batir ɗin tarakta ne, sai janareta, yanzu kuma sola. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, jama'a suka kwararo Gadarif daga Khartum da Jazira, aka buɗe shaguna da ɗakuna inda da babu, man inji ya yi tsada. A watan Janairu na 2025 jirage marasa matuƙi suka kai hari Marawi da tashar wuta ta Shuwak, garuruwa suka kwana a duhu. Daga nan ko wanda ke da layin gwamnati ya fara neman faranti. Kowane saurayi mai filaya da sukundireba ya zama injiniya. Ban ga laifinsu ba gaba ɗaya, ciki suke nema, wasunsu kuma wallahi ƙwararru ne da yaƙi ya koro daga manyan kamfanoni. Matsalar ita ce daga ido ba ka bambance su.

A nan ne tarihin ƙungiyar can ya ba ni tsoro maimakon ya kwantar mini da hankali. Na ce ƙarfinta a ƙofar jona wuta yake, kamfani ya ce ba zan jona ba sai na ga sa hannu. To sola ba ta da wannan ƙofa. Rana ba ta tambayar fom. Ba mita, ba mai dubawa, ba wanda zai ce a'a. Kuma mutane suna raina ta, wai ai wutar batir ce, ba ta jan mutum. Bari in ba ku lissafi ɗaya da wani tsohon ma'aikacin wuta ya koya mini bayan gobarar, kowa ya iya gwada shi. Kayan da ke cin wat 1,000, in a kan layin gida mai bolt 230 yake, abin da ke bi ta waya bai kai amfiya 5 ba. Wannan kaya dai, in daga batir mai bolt 12 za a ciyar da shi, abin da zai bi ta wayar da ke tsakanin batir da inbata ya haura amfiya 80. Wayar da ta ishi soket a ɗaki, a can narkewa za ta yi. Shi ya sa wurin yake son waya mai kauri kamar ɗan yatsa, gajeruwa, da fis dab da kan batir. Ga shi kuma batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa in yana caji, bai kamata a kulle shi a lungu ba. Duk ukun nan saurayin ya karya su a aiki ɗaya.

Yanzu sai abin da ya fi mini nauyin faɗa, dattawa su yi mini afuwa. Wayar da yaron ya ja, a layinmu ya saye ta. Na je na duba guntun da ya rage. A bayan robar an rubuta kauri ɗaya, a ciki wani kaurin ne daban, da na kankare ta da wuƙa jan ya tafi, fari ya bayyana. Alminiyam ce aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. Irin wannan ba ta ɗaukar abin da ta gaskiya ke ɗauka, tana zafi, tana karyewa a bakin sukuru. Gane ta ba wuya: a kankare, ko a kara mata ashana a ga silin ya lanƙwashe ya zube, ko a ɗaga naɗin a ji ba nauyi. Wanda ya saro ta ya san farashin da ya biya, ya san ba a sayar da jan ƙarfe a wannan kuɗi. Mu ne muke ɗauko ta daga bakin ruwa da bakin iyaka, mu muke jera ta, mu muke cewa mai saye "akwai mai sauƙi". Araha ba ta ado, mun sani, amma muna sayar da ita ga maƙwabcin da bangonmu ɗaya da shi.

Ashe ke nan inda babu kamfanin da zai tsare ƙofa, ƙofar ta dawo kan teburin mai sayar da waya da batir da faranti. Duk mai aikin kahraba a yankin nan, ƙwararre ko ɗan koyo, dole ya biyo ta shagon ɗayanmu. Mun san fuskokinsu. Mun san wanda ke neman fis da wanda bai taɓa tambayarsa ba.

Don haka ga abin da zan gabatar a babban taro, na rubuta shi a nan don kowa ya zo da shirinsa. A kira masu aikin kahraba da ke zaune a cikinmu, su zauna su kaɗai su fitar da babba a cikinsu, mu ba mu zaɓa musu ba, tunda su suka san hannun juna. Ƙungiya ta ba su shafi a littafinta: sunan mutum, inda ya koya, takardarsa in yana da ita daga hukuma, da mutum biyu da suka tsaya masa kamar yadda fatoma ke tsaya wa baƙo. Baƙon da ya zo neman aiki, daga Habasha yake ko daga Khartum ko daga Kano, ba a kore shi ba, ya je wurin babbansu a ga aikinsa. Duk ɗan ƙungiyar da zai sa wuta a shagon da ke manne da na wani, ya ɗauki wanda ke cikin shafin, a rubuta ranar aiki da abin da aka sa. Masu sayar da waya kuma su raba ta gaskiya da ta shafe a kan kanta, kowace da sunanta.

Na san abin da za a ce, don an riga an fara faɗa mini a bakin masallaci. Wasu sun ce aiki zai yi tsada, kuma gaskiya ne, zai yi. Wasu sun ce in aka ba mutum biyar shafi za su kulle ƙofa su hana yara shiga, su riƙa yanka kuɗi yadda suka so. Wannan tsoron ma yana da tushe, duk ƙungiyar sana'a tana da wannan ciwo, sa hannu kuma abu ne da ake iya saya in mai shi ba ya tsoron Allah. Maganin da na gani shi ne littafin ya zauna a hannunmu mu masu biya, kada ya koma hannunsu, wanda aka kama ya sa hannu a aikin da bai gani ba a goge sunansa a gaban taro. Hukuma ba ta ba mu ikon ba da lasisi ba, ba kuma shi nake nema ba. Ikon da muke da shi na kuɗinmu ne da wanda za mu miƙa wa.

Maganar ƙarar kuwa, dattawa sun yanke cewa mai shago ya biya maƙwabtansa rabin asararsu a kaka biyu, ƙungiya ta tallafa da abin da ya sawwaƙa daga asusun jaje. Ya biya kashin farko bayan sussukar dawa. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya sake ɗora rufi, ɗayan yana kasa kaya a tabarma bakin tasha. A shafin ƙarar akwai layin da ake rubuta sunan wanda ya yi aikin da na ubangidansa, na bar shi fari. Taro ranar Asabar ne bayan la'asar, a zo da katin ƙungiya.